Ranar da Tafkin Masai Ya Mutu

Tafkin ne ya fara mutuwa, amma mutumin aka yi wa kuka.

A ma'aikatar tace ruwan masai akwai wani ƙaton tafki na siminti, inda duk abin da mutanen gari suka ci suka gama da shi yake zuwa ya taru. Cikinsa cike yake da wasu 'yan halittu da ido ba ya gani. Su ne suke cinye ƙazantar, ruwan ya fita da ɗan dama-dama, ya bi ta ƙarƙashin katanga ya shiga lambuna. A duk ma'aikatan hukumar, su kaɗai ne ba a taɓa jin sun tafi yajin aiki ba. Wata safiya aka iske sun ajiye aikin. Ruwan ya koma toka-toka, wata farar kumfa ta kwanta a kansa, masu sharar bakin tafkin suka toshe hanci suka ja baya, su da suke cin abincin rana a wurin.

Ba wanda ya damu a wajen katanga sai da wani mai lambu ya rasu. Fartanya ce ta ɗan sare shi a ƙafa yana ban ruwa, irin saran da mutum yake shafa wa ƙasa ya ci gaba da aiki. Ƙafar ta kumbura. Aka kai shi asibiti, aka yi allura, aka canza wata, aka sake canzawa. Aka yanke ƙafar. Sauran jikin ma bai tsaya ba. Akwai wasu masu lambun kwance a ɗaki guda, kowa yana satar kallon ƙafar ɗan'uwansa.

Washegarin jana'iza masu lambu suka zo ƙofar ma'aikata. Shugabansu ne a gaba, shi ne kuma yayan mamacin. Wani a bayansa yana riƙe da jarkar fetur, ya rasa inda zai ɓoye ta, ya kuma kasa ajiyewa.

"Mun san mai yi," in ji shugaban. "Matar nan mai kaji. Tun da ta kafa kejinta a gefenmu ba mu ƙara ganin daidai ba. Buhu-buhu take ɗura musu magani. Mun zo mu sanar da ku ne, kada a ce ba mu bi doka ba."

Injiniya, matar da take shugabantar ma'aikatar, ta roƙe su su ba ta lokaci a bincika. Suka yi ta ja kamar ana cinikin akuya.

"Zuwa gobe da yamma," in ji shi. "In kun kawo wani suna, to. In ba ku kawo ba, muna da namu, muna da ashana."

Da suka tafi, Injiniya ta sa aka kira mata Hanci.

Hanci ake ce masa saboda shekarun da ya yi yana shiga ramukan kwata sun kashe masa jin wari murus. Turare da gawar kare duk ɗaya ne a wurinsa. Aikinsa bin sawu. In wani ya zuba abin da bai kamata ba a magudana, baƙin mai ko rini ko jinin mahauta, shi ne zai bi daga murfi zuwa murfi har ya tsaya a ƙofar mai laifin. Ya yi karatu, takardar ma tana rataye a falonsa, amma abin da karatun ya ba shi bai wuce tocila da takalmin roba da ƙugiyar ɗaga murfi ba. Ya daɗe da daina jin haushi. Ya daɗe da daina jin abubuwa da yawa, bai dai zauna ya lissafa ba.

"Na duba ruwan," in ji Injiniya. Idanunta sun faɗa. "Wani yana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwata, ba kaɗan ba, kuma ba yau ya fara ba. Ya kashe mana na kirki. Waɗanda suka rage su ne miyagun, waɗanda suka sha maganin har suka saba. Su suke fita lambu. Da likita ya yi wa mutumin nan allura, abincinsu na gida aka kai musu."

"Wato makaranta muka buɗe musu."

"Ta kwana ma. Hanci, matar nan tana da tsohuwa a ɗakin da ke manne da kejin, ba ta gani, ba ta tashi. Ka gane?"

"Na gane, ranki ya daɗe."

Ya ɗauki ƙugiyarsa.

Mai kaji tana zaune a ƙofar gonarta kan bokitin da ta kife, da guntun ƙarfe a cinya. Bayanta kaji suna ta surutunsu, ba wanda ya gaya musu komai.

"Ɗan kwata," in ji ta. "Kai aka aiko ka auna inda wuta za ta fi ci?"

"Kina ba su magani?"

"Ina ba su. Wa ba ya bayarwa? Kaza ba ta jiran likita. Yau ka ga ɗaya ta yi tagumi, gobe ka kwashe keji da shebur."

"Ruwan wankin kejin fa, ina yake bi?"

Ta yi wata dariya ba daɗi, ta tashi ta ja shi bayan gini. Wata 'yar kwata ce ta gangara zuwa wani rami da aka rufe da tsohon kwano.

"Ga bututun hukuma, kalle shi da kyau. Tun ina da sauran haƙora kuka ce za ku haɗa ni da babban layi."

Ya fita titi ya ɗaga murfin da ya fi kusa da katangarta. Reshen da ya nufi gonar a bushe yake, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa ya hayayyafa. Ko ɗigon ruwanta bai taɓa isa tafki ba. Da ya dawo ya ga buhunan kashin kaji jere a jikin bango.

"Waɗannan fa?"

"Taki ne. Su masu jarkar suke saye. Jiya ma wani ya aiko a ajiye masa biyu, wai kafin a ƙona."

Daga cikin ɗaki wata murya siririya ta tambayi ko baƙo aka yi, a ba shi ruwa. Mai kaji ta ce, "Ba kowa, Inna, mai duba famfo ne." Hanci ya yi mata sallama. A ransa ya ce matar ba ta da tsarki, amma ba ita ba ce. Wannan ba suna ba ne da zai kai wa masu lambu.

Asibiti ya nufa, don ko yaro ya san nan ne gidan magani. Babbar nas ta karɓe shi a tsaye, da safar hannu, tana magana tana kallon wani wuri.

"Marasa lafiya suna shan magani, suna fitsari, fitsarin yana zuwa wurinku. Tun da aka gina asibitin nan haka ake yi. In kuna so su riƙe, ku zo ku gaya musu da kanku."

"Wanda wa'adinsa ya ƙare fa, Sista?"

"Babbar ma'ajiya muke mayarwa. Kai za a tambaya ai, ba surukinka ne a can ba?" Karon farko ta dube shi. "Allah ya saka wa dattijon nan. Da can, magani ko ya shekara da lalacewa sai ka gan shi a faifan mai talla a tasha, da hatiminmu a jiki. Tun da aka dawo da shi daga ritaya ko ƙwaya ɗaya ba ta fita. Ma'aikata har addu'a suke ya gaji."

Hanci ya ce haka ne. Kowa ya san uban matarsa. Mutum ne da in ya tsinci allura a hanya sai ya nemi mai ita.

Ya zagaya baya ya ɗaga murfin asibitin. Bututun yana nan yadda ya san shi, da kaurin yauƙi baƙi ƙirin yana reto a bakinsa. Ƙazanta ce mai rai, irin ta kullum. Ya mayar da murfin.

Rana ta fara karkata lokacin da ya sauka babban ramin mahaɗa, inda bututan wannan ɓangaren gari suke haɗuwa kafin su miƙe zuwa tafki. Ya tsaya kan tsanin ƙarfe yana haska su ɗaya bayan ɗaya. Na kasuwa da maiƙonsa. Na makaranta. Na unguwar ma'aikata. Kowanne da gemunsa na yauƙi, kamar taron dattawa. Sai hasken ya faɗa kan wani ƙarami a can ƙasa ta hagu.

Tas yake. Ba yauƙi, ba gansakuka, ba komai. Simintinsa ya fito fari kamar jiya aka sa shi, sai wani ɗan zane rawaya-rawaya a inda ruwa yake bi. Ya miƙa hannu ya shafa cikinsa da yatsa, ya ji kaushin siminti. Tun da yake bai taɓa ganin bututun masai mai tsafta ba. Abin da ya hana yauƙi tsirowa a wurin, shi yake nema.

Ya fito ya bi layin ta sama. Murfi na gaba, tas. Na gaba da shi, tas. Ya wuce garejin gyaran motoci, ya wuce wani fili da ake shanya katako. Tun kafin ya kai ƙarshe ƙafafunsa sun san inda za su, don sun sha zuwa kai saƙon matarsa. Layin ya ƙare a bayan wani dogon gini mai kwanon rufi da ƙananan tagogi can sama.

Ya tsaya ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Bai ji ba. Ya cire takalmin roba a ƙofa ya yi sallama.

Surukinsa yana can ƙuryar ma'ajiya, zaune kan 'yar kujera, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya naɗe hannun riga. Gabansa baho ne, yana ɓare kafso ɗaya bayan ɗaya yana zazzage garin a ciki, bawon yana jefawa a kwali. Gefensa duro ne cike da ruwa rawaya, da sanda ta motsawa. Kusa da duron, a daɓen siminti, akwai ramin kwata da aka wanke shi fes.

Hanci ya durƙusa.

"Barka da aiki, Baba."

"A'a, ɗana. Yau kai ne da yammacin nan? Yaya mutanen gidan? Ƙaramar ta daina tarin?"

"Ta daina, Baba. Suna gaishe ku." Ya dubi bahon. "Aiki kuke da kanku."

"Wa zan ba? In na ba yaran nan, rabi zai shiga aljihu." Tsohon ya sauke ƙyallen, fuskarsa ta saki. "Waɗanda suka lalace ne. Injin ƙonawa ya tsaya tun kafin in zo, na yi magana har bakina ya bushe. Na gwada binnewa, aka tone. Na kai juji, ban cika mako ba na ga kwalin da na zubar da hannuna a wurin mai talla, wata mata tana saya wa jaririnta. Daga ranar na ce ba za a ƙara ba. Yanzu sai in ɓare, in jiƙa, in tuttular. Wanda zai sata sai ya zo da cokali."

Ya yi 'yar dariya. Hanci ma ya motsa baki.

"Baba, ruwan nan, kun san inda yake zuwa?"

"Wurinku mana. Ba aikinku ke nan ba, tacewa? Shi ya sa hankalina kwance. Na ce tun da ɗana yana can, ba abin da zai wuce."

Hanci ya kalli ƙasa. Akwai kalmomin da ya kamata ya faɗa, yana ganinsu, amma ba a taɓa koya masa yadda ake faɗa wa suruki irinsu ba.

"Gobe da yamma akwai zama a wurinmu," ya ce. "Ana son duk wanda bututunsa ya haɗu da namu. In da hali, wannan duron a bar shi tukuna."

"Zan zo. Har sabuwar hula zan sa, kada in ba ka kunya."

A gida ya ci abinci, matarsa tana ba shi labarin maƙwabta. Ya juya maganar a kansa yadda yake juya murfi. In ya ce bai samu kowa ba, keji zai ci wuta da tsohuwa a gefensa. In ya ce asibiti ne, Injiniya za ta ɗebi ruwan ta duba, ƙaryar ba za ta kwana ba. Ya nemi hanya ta uku bai samu ba. Matar ta tambaye shi ko gishiri ya yi. Ya ce ya yi.

An yi zaman a ɗakin taro na ma'aikata, mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Mai kaji ta zauna kusa da ƙofa. Babbar nas tana duba agogo. Shugaban masu lambu ya ƙi zama. An samo wani ɗan sanda an ajiye a kusurwa, sauran jama'a kuwa sun cika tagogi, jarkar tana wani wuri a cikinsu. Surukin Hanci yana layin gaba da sabuwar hula, ya ɗora hannuwa kan gwiwa.

Injiniya ta ce, "Muna jinka."

Hanci ya tashi. Muryarsa ta fito yadda take fita in yana ba da rahoton toshewar kwata.

"Mai kaji tana ba kajinta magani, amma ruwanta ba ya zuwa nan. Rami yake shiga. Wanda yake shakka ya zo in ɗaga masa murfi ya gaisa da gizo-gizo. Asibiti ruwansu yana zuwa, amma yadda yake zuwa shekara da shekaru, tafki kuma bai mutu ba sai bana."

"To waye?" in ji shugaban.

"Kowane bututun masai yana da yauƙi, don yauƙin ma rai ne. A mahaɗa na samu guda ɗaya da ba shi da ko kaɗan. Abin da ake zubawa a ciki ya kashe komai. Na bi shi har inda ya fito." Ya tsaya. Bai dubi layin gaba ba, dama bai saba duban idon surukinsa ba. "Babbar ma'ajiyar magunguna. Ana jiƙa waɗanda suka lalace a duro ana tuttularwa, don kada a sace a sayar."

A taga wani ya tambayi na kusa da shi me aka ce.

Tsohon bai motsa ba da farko. Sannan ya juya wajen Injiniya.

"'Yata, ba kwa tace magani?"

"Ba ma iyawa, Baba. Ba a gina wurin don haka ba."

"To ina ya kamata in zuba?"

"Ƙonawa ake yi."

"Da me?"

Injiniya ta dubi babbar nas. Babbar nas ta dubi agogo. Ɗan sandan ya dubi fankar.

Tsohon ya laluba aljihu ya fito da tarin makullai, ya ajiye kan tebur a hankali don kada su yi ƙara. Ya tashi ya taka har gaban shugaban masu lambu, ya cire hular.

"An ce ƙaninka ne. Ni ne. Ga ni."

Shugaban ya daɗe yana kallonsa. Ya zo da fushin da ya auna daidai da mace mai kaji, yanzu ya rasa inda zai sauke shi.

"Kowa ya san ka, dattijo," ya ce. "Da ɓarawo ne kai, da ƙanina yana nan da ƙafarsa."

Ya juya ya fita. Tagogin suka fara yin haske, mutane suna janyewa ɗaya-ɗaya. Aka ji wani a waje yana tambaya ko akwai mai babur da yake son fetur.

Mai kaji ta miƙe ta karkaɗe zani. Ba ta gode wa kowa ba. Ta ce kajinta ba su sha ruwa ba, Inna kuma ba ta ci komai ba tun safe. Ɗan sandan ya ce wa tsohon ya zo ofis gobe da safe, ba sai an aiko ba, ya san zai zo.

Hanci ya ɗauki jakar surukinsa, kamar yadda yake yi duk lokacin da hanya ta haɗa su, ya bi shi a baya kaɗan. Suka wuce katangar lambuna, inda latas ya yi kore shar har yana ɗaukar ido. Tsohon bai nufi gidansa ba, gidan 'yarsa ya nufa, Hanci kuma bai tambaya ba.

Tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ga ubanta ba hula a kai, ta ga mijinta da jaka.

"Baba, ku ne? Sannunku da zuwa. Yaya zaman? An samo mai laifin?"

Hanci ya buɗe baki. Tsohon ya riga shi.

"Ya samo," in ji shi, yana neman wurin zama. "Mijinki ya iya aikinsa. Zuba masa abinci."